Abin da Na'ura Ta Auna da Abin da Huhu Ya Shaƙa: Sharhi a kan Binciken Gurɓatar Iska a Alƙahira daga Mahangar Hayyin Ashir

Tsakure

Wannan maƙala ta yi sharhi a kan hanyoyi uku da ake bi a yau wajen sanin halin da iskar birnin Alƙahira take ciki, wato ƙidayar motoci daga hotunan tauraron ɗan'adam ta hanyar koyon na'ura, da amfani da ƙananan na'urorin awo masu araha, da kuma rahotannin ɗorewa da doka ta wajabta wa manyan kamfanoni. An ɗauki unguwar Hayyin Ashir, inda ɗimbin ɗaliban ƙasar Hausa masu karatu a Azhar suke zaune, a matsayin magwajin da za a ɗora waɗannan hanyoyi a kansa. Sharhin ya nuna cewa kowace hanya ta kawo ilimi na gaskiya, amma kowacce tana da gefen da ba ta gani, kuma waɗannan gefuna sukan haɗu a kan unguwanni iri ɗaya: masu cunkoso, masu ƙura, waɗanda mazaunansu ba su da murya a wurin yanke hukunci. Daga ƙarshe an fito da darussan da masu bincike a Kano da sauran biranen ƙasar Hausa za su iya ɗauka.

Muhimman kalmomi: gurɓatar iska, na'urar awo, koyon na'ura, rahoton ɗorewa, Alƙahira, Hayyin Ashir

1.0 Gabatarwa

Alaƙar malaman ƙasar Hausa da ilimin lissafi a Alƙahira daɗaɗɗiya ce. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan hisabi da hatimai, a wannan birni ya rasu a shekarar 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen masanin tarihin nan na Masar. Bayan kusan ƙarni uku, zuriyar ɗaliban da suka bi sawunsa suna zaune a birnin da lissafi ya shiga cikin sha'anin numfashinsu. Ana auna iskar da suke shaƙa, ana sarrafa alƙaluman da kwamfuta, sannan a gina manufofin gwamnati da rancen ƙasashen waje a kan sakamakon.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa illar da gurɓatar iska take yi wa lafiyar jama'a a Alƙahira da kewayenta kaɗai tana cin kimanin kashi 1.4 cikin 100 na abin da tattalin arzikin Masar yake samarwa a shekara. A watan Satumba na 2020 bankin ya amince da rancen dala miliyan 200 domin aikin rage gurɓatar iska da tunkarar sauyin yanayi a birnin. Cikin abubuwan da aikin ya ƙunsa akwai ƙarfafa tsarin awon iska, da gina cibiyar sarrafa shara a garin Ashir min Ramadan, da rufe jujin Abu Za'abal, da shigo da motocin bas masu aiki da lantarki. Kuɗi irin wannan yana bin alƙaluma ne. Inda alƙaluma suka nuna akwai ciwo, nan magani yake zuwa, inda kuwa suka yi shiru, sai a ɗauka lafiya lau ake.

Saboda haka tambayar da wannan sharhi ya ɗora a kan kowane bincike guda ɗaya ce: idan aka bi abin da binciken ya gano, me zai sauya a huhun mutumin da yake tsaye a bakin titi a Hayyin Ashir yana jiran motar haya?

2.0 Hayyin Ashir da Iskar Alƙahira

Hayyin Ashir, wato unguwa ta goma, tana gabashin Madinatu Nasr, gundumar da aka fara ginawa a kan hamada a zamanin Shugaba Jamal Abdunnasir, wadda kuma a cikinta babbar harabar Jami'ar Azhar ta zamani take. Sauƙin kuɗin haya da kusanci da jami'a su suka tara baƙi a unguwar: Sudaniyawa da Somaliyawa da ɗalibai daga Indunusiya da Malesiya, tare da 'yan Nijeriya da Nijar da Chadi. Tana maƙwabtaka da Izbatul Hajjana, wadda ake kira Arba'a wa Nus, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi cunkoso a birnin, an kuma gina ta ba bisa tsarin hukuma ba. Manyan hanyoyi sun kewaye yankin, ciki har da hanyar Suez da titin zobe da ya zagaye Alƙahira.

Abin da ake aunawa a iska shi ne ɓurɓushin da ido ba ya gani. Masana sun kasa shi gida biyu gwargwadon girmansa. Wanda faɗinsa bai wuce maikromita 10 ba ana yi masa alama da PM10, wanda bai wuce maikromita 2.5 ba kuma PM2.5. Na biyun ya fi haɗari, domin yana kutsawa can cikin huhu, mafi ƙanƙantarsa har ya shiga jini. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, matsakaicin PM2.5 na shekara bai kamata ya wuce maikrogiram 5 a kowace kubik mita ta iska ba, na PM10 kuma 15. Iyakar da dokar Masar ta sa wa PM2.5 a shekara ita ce 50. Ke nan wuri zai iya cika sharaɗin doka alhali ya ninka ma'aunin lafiya sau goma.

Tushen ɓurɓushin ba ɗaya ba ne, kuma yana sauyawa da lokaci. Akwai hayaƙin motoci da na masana'antun Hilwan da Shubral Khaima da na matoyan bulo, akwai ƙona shara a fili. A watannin Oktoba da Nuwamba ƙona karan shinkafa a gonakin bakin Nilu yakan haɗu da kwanciyar iska ya haifar da abin da Misirawa suke kira baƙin girgije, wanda ya fara jan hankalin jama'a a 1999. A bazara kuma guguwar Hamasin takan kwaso ƙurar hamada ta lulluɓe birnin, kamar yadda hazon hunturu yake yi wa Kano. Duk binciken da zai faɗi gaskiya a kan wannan iska dole ya iya rarrabe hayaƙi da ƙura, ya kuma rarrabe dare da rana.

3.0 Ƙidayar Motoci daga Sama

A shekarar 2019 Bankin Duniya ya fitar da rahoton wani bincike da Martin Heger da David Wheeler da Gregor Zens da Craig Meisner suka gudanar a kan alaƙar yawan motoci da gurɓatar iska a Alƙahira. Matsalar da suka fuskanta sananniya ce ga duk mai bincike a Afirka: babu cikakkiyar ƙidayar motocin da suke kan titi kowace rana. Dabarar da suka yi ita ce koya wa kwamfuta gane mota a cikin hotunan tauraron ɗan'adam masu kaifin gani. Ana nuna wa na'urar dubban misalai da mutane suka yi wa alama, har ta koyi siffar mota daga sama, sannan a sake ta a kan hotunan shekaru da dama ta yi ƙidaya. Daga nan sai aka gwama ƙidayar da alƙaluman tashoshin awon iska na Hukumar Kula da Muhalli ta Masar, tare da la'akari da yanayin iska da zafi.

Da wannan suka auna tasirin manufofi biyu. Na farko buɗe layi na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda kashinsa na farko ya fara aiki a 2012, aka tsawaita shi a 2014. Na biyu janye tallafin man fetur da gwamnati ta fara a watan Yuli na 2014, ta ci gaba da shi a shekarun da suka biyo baya. Sakamakon ya nuna cewa layin jirgin ya rage PM10 da kimanin kashi 3 cikin 100, ƙarin farashin mai kuma da kimanin kashi 4.

Wajibi ne a yaba wa wannan aiki kafin a soke shi. Ya samar da alƙaluma a inda babu su, ya yi hakan da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da girka na'urorin ƙidaya a kan kowane titi, kuma ya ba da damar komawa baya a duba shekarun da suka wuce, tunda hotunan suna ajiye. Ya kuma yi abin da bincike da yawa ba ya yi, wato ɗora fasaha a kan tambayar da mahukunta suke buƙatar amsarta. Hasali ma, rashin girman alƙaluman da ya samu alama ce ta riƙon amana, domin mai son burge jama'a ba zai tsaya a kashi 3 ba.

3.1 Gefen da Hoton Bai Gani ba

Rauni na farko yana cikin abin da ake ƙirgawa. Hoton sama yana nuna rufin mota, ba ya nuna abin da yake fita daga salansarta. A da, shekaru da dama babbar kasuwar motocin hannu ta Alƙahira a Hayyin Ashir ta riƙa ci, kuma duk wanda ya san ta ya san cewa motar da ta shekara talatin tana iya tsayawa kusa da wadda ta fito bara, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. A idon na'ura mota biyu ce. A ma'aunin hayaƙi kuwa tsohuwar motar haya mai shan gas, wadda take wuni tana kaiwa da komowa a titin Mustafa Nahhas, tana iya fitar da abin da sababbin motoci masu yawa ba za su fitar ba. Idan manufa ta rage adadin motocin gida alhali tsofaffin motocin haya suka ƙaru da aiki saboda masu motocin sun koma hawansu, ƙidaya za ta nuna sauƙi a birni, amma mai tsayuwa a tashar mota zai iya shaƙar fiye da abin da ya saba.

Rauni na biyu na lokaci ne. Taurarin da suke ɗaukar irin waɗannan hotuna suna ratsa saman kowane wuri ne a kusan sa'a ɗaya ta yini, galibi da hantsi zuwa tsakar rana, kuma ba sa gani da dare. Gurɓatar Alƙahira kuwa, musamman a kaka da hunturu, ta fi tsanani da dare da asuba, lokacin da iska mai sanyi take kwanciya a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, hayaƙi ya rasa mafita. A wannan lokacin ne manyan motocin dakon kaya suke cika manyan hanyoyi, a lokacin ne kuma ɗalibi yake fita sallar asuba ko ya kama hanyar darasi. Hoton hantsi wakili ne na sauran sa'o'i, kuma wakilci irin wannan zato ne da yake buƙatar tabbatarwa.

Rauni na uku ya shafi unguwanni irin Izbatul Hajjana, inda lunguna suke da ƙunci, benaye suke da tsawo, inuwa ta rufe ƙasa. Abin hawan da ya fi yawa a irin waɗannan wurare shi ne babur da keke mai ƙafa uku da ake kira tuktuk, ɗan'uwan A Daidaita Sahu na Kano. Na'urar da ta ƙware a gane mota a kan faffaɗan titi ta fi saurin kuskure a nan. Kuskuren kuma ba ya rarrabuwa daidai a faɗin birni, yana taruwa ne a inda talakawa suke.

Rauni na huɗu na dalili da sakamako ne. Ƙarin farashin mai na watan Nuwamba 2016 ya zo ne tare da sakin darajar fam na Masar, abin da ya jawo hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin 100 a 2017. A irin wannan yanayi mutum yana iya ajiye motarsa saboda tsadar mai, ko saboda tsadar kayan gyara, ko saboda aikin da yake zuwa ya tsaya. Kowace irin dabarar lissafi aka yi, raba waɗannan dalilai da suka faɗo a lokaci ɗaya abu ne mai wuya, don haka ya kamata a karanta kashi 4 ɗin a matsayin ƙiyasi mai faɗin iyaka.

Akwai kuma abin da ya wuce fasaha. Binciken ya jera manufofi biyu a ma'auni ɗaya, alhali nauyinsu a kan jama'a ya bambanta. Layin jirgi yana rage hayaƙi ta hanyar ba mutum zaɓi, tsadar mai kuwa tana rage shi ta hanyar ƙuntata masa. Layi na uku ya taɓa gefen Madinatu Nasr ta wajen filin wasa na Alƙahira, bai shiga Hayyin Ashir ba. Mazaunin unguwar ya biya ƙarin kuɗin mota kamar kowa, amma jirgin bai zo ƙofarsa ba. Matsakaicin birni ba ya iya ɗaukar wannan labari, domin aikinsa shi ne shafe bambanci.

4.0 Ƙananan Na'urori da Matsalar Ƙura

Amsar da ake yawan bayarwa ga ƙarancin tashoshin awo ita ce ƙananan na'urori masu araha. Tashar awo ta hukuma, wadda take tara ɓurɓushi a kan matata ta auna nauyinsa, tana cin dubban daloli masu yawa, ga buƙatar wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci. Birni mai mutum fiye da miliyan 20 ba zai samu irinta a kowace unguwa ba. Ƙaramar na'ura irin ta PurpleAir kuwa kuɗinta bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, ana iya maƙala ta a barandar gida, ta riƙa aika alƙaluma ta intanet dare da rana. Ga alama wannan ita ce hanyar da Hayyin Ashir za ta samu ma'aunin kanta.

Sai dai yadda na'urar take aiki yana da muhimmanci. Ba ta auna nauyi. Ƙaramar fanka ce take zuƙo iska ta wuce ta gaban hasken leza, ɓurɓushin ya watsa hasken, sannan na'urar ta ƙiyasta nauyi daga yawan hasken da ya watsu. Wannan ƙiyasi ya dogara da zaton da masana'anta suka yi a kan girman ɓurɓushin da kaurinsa. Yana aiki sosai ga hayaƙi, wanda ɓurɓushinsa ƙanana ne ƙwarai. Ga ƙurar hamada kuwa, wadda ta fi girma da nauyi, gwaje-gwaje sun nuna cewa irin waɗannan na'urori suna ba da adadin da ya gaza na gaskiya ninki da dama, domin yawancin ƙurar ba ta isa gaban hasken yadda ya kamata. Laima kuma tana kumbura ɓurɓushi ta sa na'urar ta yi ƙari. Ma'ana, a ranar da Hamasin ta turnuƙe, mai ciwon asma yana neman numfashi, na'urar da take baranda tana iya nuna cewa iska da dama-dama.

A nan ne koyon na'ura yake sake shigowa. Ana ajiye ƙaramar na'ura kusa da tashar hukuma na tsawon watanni, a koya wa kwamfuta yadda za ta gyara karatun ƙaramar ta yi daidai da na babbar, tana la'akari da zafi da laima. Dabara ce mai kyau, amma gyaran yana ɗauke da halin wurin da aka koye shi. Lissafin gyara da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta samar wa na'urorin PurpleAir an gina shi ne da alƙaluman Amurka, kuma ya fi dacewa da hayaƙin birane da na gobarar daji. Wanda ya ɗauko shi ya ɗora a kan iskar Alƙahira ya ari rigar da ba a ɗinka dominsa ba. Ko gyaran da aka koya a Alƙahira a watan Oktoba, lokacin baƙin girgije, ba lallai ya yi aiki a watan Afrilu ba. Bugu da ƙari, idan na'ura ba ta ga ƙurar ba tun farko, babu lissafin da zai dawo da abin da bai shiga ba, sai dai ya yi hasashe.

Misalin da ya fi cancantar koyi daga Afirka ya fito. Shirin AirQo na Jami'ar Makerere a Uganda, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Engineer Bainomugisha, ya ƙera na'urorinsa ne domin su jure ƙura da katsewar lantarki, ya kuma gina lissafin gyaransa a kan tashoshin awo na cikin gida. Darasinsa shi ne cewa arahar na'ura ba ta kawar da buƙatar tasha mai tsada, tana faɗaɗa amfaninta ne kawai.

5.0 Rahoton Ɗorewa: Wa Ake Yi wa Awo?

Hanya ta uku ita ce ta kamfanoni. Masar tana cikin ƙasashen da suka yi gaba a wannan fanni a yankinta. A 2010 kasuwar hannun jarinta ta ƙaddamar da jadawalin da yake jera kamfanoni bisa kula da muhalli da al'umma da tsarin shugabanci. A watan Satumba na 2020 gwamnati ta sayar da takardun lamuni na ayyukan kare muhalli na dala miliyan 750. A 2021 hukumar da take sa ido kan harkokin kuɗi da ba na banki ba ta fitar da ƙudurori masu lamba 107 da 108, waɗanda suka wajabta wa kamfanonin da abin ya shafa su bayyana ayyukansu na ɗorewa, waɗanda jarinsu ya kai fam miliyan 500 kuma su ƙara da bayanin haɗarin da sauyin yanayi yake jawo wa dukiyarsu. A watan Nuwamba na 2022 ƙasar ta karɓi baƙuncin taron sauyin yanayi na duniya karo na 27 a Sharmush Shaikh.

Wannan ci gaba ne, amma yana da kyau a duba wanda aka rubuta rahoton dominsa. Mai karanta rahoton ɗorewa mai zuba jari ne, ko banki, ko mai sayen kaya a ƙetare. Tun watan Oktoba na 2023 Tarayyar Turai ta fara neman masu shigo da siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani su bayyana yawan iskar kabon da aka fitar wajen ƙera su, kuma waɗannan suna cikin kayan da Masar take fitarwa. Saboda haka kamfani yana da dalili mai ƙarfi na auna kabon ɗinsa daidai, tunda kasuwarsa ta rataya a kai. Kabon kuwa matsalar duniya ce, tan ɗaya da aka fitar a Hilwan daidai yake da wanda aka fitar a Hambug. Ɓurɓushin da yake sa tari matsalar maƙwabci ce, kuma maƙwabcin ba ya sayen hannun jari. Kamfani zai iya rage kabon a kan kowane tan na kayansa, ya samu yabo, alhali ƙurar da take sauka a kan unguwar da take bayan katangarsa ba ta ragu ba. Shawarar da majalisar ministocin Masar ta yanke a 2014 ta barin masana'antun siminti su yi amfani da kwal, bayan ƙarancin iskar gas, ta nuna yadda buƙatar makamashi take iya rinjayar alƙawarin muhalli idan suka yi karo.

Matsala ta biyu ita ce wanda yake riƙe da ma'auni. Hukumar muhalli ta Masar ta haɗa bututun hayaƙin manyan masana'antu, musamman na siminti, da cibiyar sa ido da take karɓar karatunsu kai tsaye, kuma wannan ya fi dogaro da abin da kamfani ya rubuta da hannunsa. Duk da haka tarihin masana'antu ya nuna cewa awon da aka san lokacinsa da wurinsa ana iya shirya masa. A 2015 aka bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu shan gas manhajar da take gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi. Waɗanda suka fara bankaɗo bambancin masu bincike ne na Jami'ar West Virginia, da suka ɗora na'urar awo a kan motocin suka bi titi da su. Awon da ba na mai kaya ba, a wurin da bai zaɓa ba, shi ya fito da gaskiya.

Matsala ta uku ta fi kusa da Hayyin Ashir. Hayaƙin da yake damun unguwar ba daga kamfanonin da suke kasuwar hannun jari yake fitowa ba, galibinsa na motocin haya ne da tuktuk da sharar da ake ƙonawa da ƙurar gine-gine. Babu ɗayansu da yake rubuta rahoto. Tsarin ɗorewa na kamfanoni yana haska ɓangaren tattalin arzikin da yake da rajista da akawu, ragowar kuma yana cikin duhu.

6.0 Darasi ga Biranen Ƙasar Hausa

Abin da ya faru a Alƙahira yana kan hanyarsa ta zuwa Kano. Nijeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuma ta shiga sahun ƙasashen da suka amince da ƙa'idojin bayyana ɗorewa na duniya da aka fitar a watan Yuni na wannan shekara. Kano ta hana achaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ta maye gurbinsa. Waɗannan sauye-sauye gwaje-gwaje ne da rayuwa ta shirya da kanta, kuma ana iya auna tasirinsu a kan iska da irin dabarar da aka yi a Masar. Amma duk raunin da aka lissafa a sama ya fi tsanani a nan. Cikin manyan masu fitar da hayaƙi a kasuwannin Kano da unguwanninta akwai janareta, wanda ba ya bayyana a hoton sama, da kuma itacen girki da gawayi da suke ci a cikin gida. Hazon hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, shi ne ainihin irin ƙurar da ƙananan na'urori suke kasa gani.

Abubuwa huɗu ne suka fito fili. Na farko, duk shirin da zai baza ƙananan na'urori a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato ya fara da tasha ɗaya tabbatacciya, ya kuma koyi gyaransa a damina daban, a hunturu daban. Na biyu, a riƙa bayyana sakamako unguwa-unguwa da sa'a-sa'a, a ga bambancin Fagge da Nassarawa, da na Sharaɗa da Bompai, maimakon adadi ɗaya na birni. Na uku, a nemi rahoton ɗorewa na masana'antun Sharaɗa da Challawa, da na siminti a Kalambaina, ya ƙunshi awon iskar unguwannin da suke kewaye da su, kuma jami'a ko wata hukuma mai zaman kanta ta riƙe na'urar. Na huɗu, a fitar da alƙaluman da harshen da mutane suke ji. Sanarwar da za ta gaya wa uwa da Hausa cewa gobe hazo zai yi tsanani, ta tsare yaronta mai asma a ɗaki, ta fi taswira mai launi da aka wallafa da Ingilishi amfani.

7.0 Kammalawa

Hanyoyin uku da aka yi sharhi a kansu ba na yasarwa ba ne. Ƙidayar motoci daga sama ta tabbatar da cewa jirgin ƙasa yana tsabtace iska, ƙananan na'urori sun sa awo ya zama abin da unguwa za ta iya mallaka, dokar bayyana ɗorewa kuma ta tilasta wa kamfanoni ajiye alƙaluman da za a iya tuhumarsu da su. Abin da sharhin ya nuna shi ne cewa tauraro ba ya ganin lungu da dare, ƙaramar na'ura ba ta ganin ƙura, rahoton kamfani ba ya ganin motar haya, kuma Hayyin Ashir tana da lungu da ƙura da motar haya gaba ɗaya. Cikin mazaunan unguwar akwai ɗaliban ƙasar Hausa da suke karanta likitanci da injiniyanci da kimiyya a Azhar da sauran jami'o'in Alƙahira. Na'urori kaɗan a barandunsu, waɗanda aka daidaita da tashar hukuma aka kuma bi su shekara guda cur, za su samar da bayanin da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku da ya samar, kuma ƙwarewar da za su koma gida da ita ita ce wadda Kano take buƙata kafin hunturu mai zuwa.